Kafin ka ɗora yaro a bayan babur, fara duba ƙafarsa

Sana'ata gyaran babur. Na haura shekara 20 ina zaune a rumfa guda a bakin Titin Katsina, wajen Kurna a birnin Kano, kuma kullum da safe, kafin yaran shago su gama fito da kayan aiki, iyayen da nake gani suna wucewa da 'ya'yansu za su makaranta sun fi a ƙirga. Wani ya ɗauko ɗaya, wani biyu, wani huɗu har da na kan tanki riƙe da madubi. Ni ma cikinsu nake. Ba ni da mota, 'ya'yana biyar kuwa duk a bayan babur suka san hanyar firamare da Islamiyya. Don haka ba zan ce wa kowa ya daina ɗaukar ɗansa ba. Na san yadda aljihu yake, balle tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin ɗan sahu, wato mai adaidaita sahu, ya zama abin da magidanci yake zama ya lissafa. Abin da zan faɗa shi ne yadda ake ɗaukar, kamar yadda na koya a wajen aiki, na kuma koya a jikin 'yata.

Shekararta 6 a lokacin. Na ɗauko ta daga Islamiyya bayan la'asar a kan tsohon Jincheng ɗina. Matakin ƙafa na baya, na hagu, ya kwana biyu da karyewa, kullum ina cewa gobe zan sa wani, alhali ga su nan a rataye a shagona. Ba gudu nake ba, a cikin layi muke ina kauce wa kwata. Silifas ɗinta ya zame, ta miƙa ƙafa za ta tare shi, sai na ji babur ya yi wata 'yar turjiya, ihunta ya biyo baya. Dunduniyarta ce ta shiga tsakanin wayoyin taya da ƙarfen da ke riƙe da tayar. Da na duba, ciwon bai wuce faɗin murfin kwalba ba, har mutane suna cewa a wanke da ruwan gishiri a ɗaure, zai kame. Kwana uku fatar wurin ta yi baƙi ƙirin, ta fara mutuwa. Wata biyu muka yi muna zaryar wankin ciwo. Yanzu ta zama budurwa, tabon yana nan, har yau ba ta jure takalmi sau-ciki na tsawon yini.

Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini babur na ga alamar mai iyali ne, ko fulogi kawai ya zo canzawa, sai na zagaya baya na taɓa matakan nan biyu da hannuna.

Gwajin tsakar gida

Ana yawan tambayata, "Malam, shekara nawa ya kamata yaro ya kai?" Ni ba da shekara nake aunawa ba, don akwai ɗan shekara 7 dogo, akwai ɗan shekara 9 ɗan tsurut. Ka kafe babur a soro ko a tsakar gida, inji a kashe kuma ya huce, ka hau, a ɗora maka yaron a baya yadda zai zauna a titi, ƙafa ɗaya nan ɗaya can. Ƙafafunsa biyu su sauka daram a kan matakan, ba tare da ya karkace gefe ɗaya ko ya yi ɗage ba. Hannayensa su zagayo cikinka ya riƙe gam, sannan ka ɗan jijjiga babur gaba da baya ka ji ko riƙon zai saki. Sai kuma hankali: ya zama yaron da in ka ce masa "kada ka sauke ƙafa" zai ji, kuma bayan minti goma bai manta ba. In ya faɗi ɗaya cikin ukun nan, lokacinsa bai yi ba tukuna. A ƙasar Filifin, inda babur ya yi yawa kamar nan, tun 2015 suka mai da kusan wannan gwajin doka: ba a ɗaukar yaro a manyan tituna sai ƙafarsa ta kai mataki, hannunsa ya zagaye ƙugun mai tuƙi, kuma akwai hular kwano a kansa.

In yaro yana da ƙarfin riƙo da natsuwa, ƙafar ce kawai ta rage 'yar kaɗan, ana iya ɗaga masa mataki. Mai walda zai yanka maka ƙarfe mai kauri a ɗaure da noti a jikin babur. Katakon nan da ake ɗaurewa da roba ban yarda da shi ba, rami ɗaya ya isa ya juya shi.

Yanzu ka tsuguna ka kalli wurin da ƙafar yaron take. A hagu sarƙa ce, a dama salansa, a tsakiya taya tana juyawa. Ke nan yaro yana zaune ne tsakanin abin da ke ja da abin da ke ƙonawa. A Indiya, ƙasar kamfanin Bajaj mai yin Boxer, doka ce a rufe aƙalla rabin tayar baya da shinge don kada tufafin na baya su shiga, saboda matansu ma masu dogon mayafi ne kamar namu. Mu a nan baburanmu da yawa tayar baya tsirara take yawo. Maganin kuwa ba wani abu ba ne illa raga ta ƙarfe gefe biyu, daga ƙarƙashin sit zuwa wajen mataki. Ka tura babur wajen mai walda, ka ce masa idon ragar kada ya kai yadda ɗan yatsan ƙafar yaro zai shiga, kuma ya goge bakinta kada ta zama wuƙa. Da ragar nan tana jikin Jincheng ɗina, ko da matakin a karye, da 'yata ba ta ji ciwo ba.

Murfin sarƙa kuma, da ya fara ƙarar kwaram-kwaram sai ka ji mai babur ya ce, "Oga, cire shi kawai ka huta." Ba na cire wa mai iyali. Yawanci sarƙar ce ta saki take dukan murfin; a ɗaure ta, a sa mata mai, a mayar da murfi, ƙara ta tafi. Haka ɗan farantin da ke kan salansa, in ya faɗi a nemo wani a sa. Tafiyar minti biyar ta isa salansa ya yi zafin da taɓawa ɗaya zai saɓule fata. Ka lura da ƙwaurin dama na yaran unguwarku, za ka ga masu zagayayyen tabo a wuri guda, duk aikinsa ne. Sauran su birki gaba da baya, iskar taya, fitila da madubi biyu, wannan kowane mai babur ya sani, sai dai a tuna cewa babur mai ɗauke da mutum biyu ya fi wuyar tsayawa, birkin da kake lallaɓawa kai kaɗai ba zai ishe ka da goyo ba.

Hijabi, jallabiya da jakar makaranta

Wannan maman yara ce ta koya mini. Idan za ta sallamo yarinya, sai ta kama gefen hijabin ta gaba da ta baya, ta tattaro shi sama zuwa gwiwa, ta ɗan murɗa, ta cusa ƙarƙashin cinyar yarinyar yadda za ta zauna a kai. Ni kuma kafin na buga kik sai na miƙa hannu baya, hagu da dama, na shafa na ji babu abin da ke reto. Daƙiƙa biyar ke nan. Dalilin da ya sa na fi jin tsoron hijabi a kan komai, a wuya yake rataye. Riga in taya ta kama ta, takan yage. Hijabi mai ƙwari ba ya yagewa da wuri, fizgo yarinya yake ta wuya, ta baya, kanta ya fara isa ƙasa, kai kuma kana gaba ba ka san abin da ake ciki ba sai babur ya turje. Na sha kwance tayar baya ina ciro ƙyalle da ya naɗe a ciki kamar zare a kwarkwaro, kuma ba kowane mai babur ne yake iya ba ni labarin ba tare da muryarsa ta canza ba.

Haka jallabiyar yara maza ranar Juma'a, da taka babbar rigar, da gyalen uwa, da igiyar jaka da ke lilo, da igiyar kambas da ba a ɗaure ba. Takalmi kuwa, ya zama mai rufe dunduniya ko sandal mai maɗauri. Silifas ba takalmin hawa babur ba ne. Ka kuma gaya wa yaro tun a gida, in takalminsa ko hularsa ta faɗi, kada ya waiwaya, kada ya miƙa hannu ko ƙafa. Ya taɓa ka kawai, kai za ka tsaya ka ɗauko, kuma ba za ka yi masa faɗa ba. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, don tsoron faɗa ne ke sa yaro ya bi takalmi da ƙafa.

Jaka mai nauyi a bayan ƙaramin yaro tana rinjayarsa baya duk lokacin da ka ba da wuta. Ka ɗaure ta a kariya, ƙarfen ɗora kaya na bayan babur, ko kai ka rataya ta a ƙirjinka. Hannun yaro biyu na riƙo ne kawai: ban da allo, ban da kular abinci, ban da biskit, ban da lema.

Maganar tanki

A nan ne muke saɓawa da mutane da yawa, har da abokaina. Uba yana ganin in ya sa ɗansa a gaba, tsakanin hannayensa, ya fi tsaro, tunda yana ganinsa. Niyyar mai kyau ce, amma ka yi tunanin abin da ke faruwa in ka taka birki da ƙarfi. Nauyinka gaba ɗaya gaba yake tafiya, yaro kuma yana tsakaninka da kan babur, ƙirjinsa da fuskarsa su ne za su daki ƙarfe da mita, kai ka danne shi ta baya. In karo aka yi, shi ne farkon isa. Ban da wannan, kansa yana tare maka juya kan babur a kwana, ƙura da ƙwari duk a idonsa suke ƙarewa, ƙafarsa kuma tana reto kusa da kan inji mai zafi.

Sai totur. Hannun yaro a gaba ba inda yake zuwa sai kan hannun babur, kuma ya ga yadda kake murɗawa. Masu babur roba-roba ku fi kowa kiyayewa, don shi ba shi da kulocin hannu: in yana cikin giya aka murɗa totur, tafiya kawai yake. An taɓa kawo mini wani Lifan da gabansa ya ragargaje. Mai shi ya tsaya sayen burodi, bai kashe ba, bai fitar da giya ba, yaro yana tsaye a gaba. Ya juya yana karɓar canji, yaron ya murɗa, suka haye kan teburin mai shayi. Allah ya taƙaita, ruwan zafin gefe ya zube. Don haka ko tsayuwar minti ɗaya ce, ka kashe, ka zare makulli, kuma kada ka bar yaro shi kaɗai a kan babur a kafe.

To mutum nawa? Ka ƙirga matakan ƙafa da ke jikin babur ɗinka, za ka ga na mutum biyu ne. Na san halin da uba mai yara uku a makaranta ɗaya yake ciki, na yi shi. Abin da na koma yi shi ne sawu biyu: na tashi da wuri na kai manya, na dawo na ɗauki ƙarami. Daga baya muka haɗa kuɗi mu uku a layinmu muka ɗauki ɗan sahu guda da muka sani, muna biyansa a wata. In dole ta sa a yi uku, mafi dama-dama shi ne babba mai hankali ya zauna a ƙarshe, yaro a tsakiya, kuma ga raga a taya. Amma a jera ƙanana uku, na ƙarshe a kan kariya yana riƙe da rigar ɗan'uwansa, wannan kam a bari. Riƙon yaro ga yaro ba riƙo ba ne. In ɗaya ya tafi, tare suke tafiya.

Jariri a goye kuwa, shawarata ɗaya ce, a hau adaidaita. Uwa in ta zauna a baya da goyo, jaririn ne ƙarshen babur, kansa a waje, wuyansa bai yi ƙwari ba, babu hular da za ta yi masa. Ko tashi kawai ka yi da ɗan ƙarfi ta yi baya, a kansa za ta sauka. Ranar awo ko rigakafi, kuɗin ɗan sahu yana cikin kuɗin magani, haka nake lissafa shi.

Hular kwano

Waɗanda suka girma za su tuna farkon 2009, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano, har aka riƙa ganin masu acaɓa a garin nan da ƙwarya a ka don gudun kamu. Tun daga nan muka ɗauki hular a matsayin abin jami'i, ba abin kanmu ba, kuma har yau ba mu warke daga wannan ba. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa faɗar cewa hular kwano da aka sa daidai tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Ita ce kuma ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29 a duniya. Ƙafa in ta karye ana ɗorawa. Kai ba a ɗora shi.

Ta yaro daban take, kuma ba a kowane shago ake samunta ba. Ka sa mai sayar da kayan babur ya yi maka oda in babu. Ka karɓi tef a wajen tela ka auna kan yaron ta saman gira, ko ka tafi da shi a gwada. Ta zauna daidai goshi, kada ta rufe ido, kada ta koma ƙeya. Ka kama ta ka juya hagu da dama: in ta juya kan bai bi ta ba, ta yi yawa. Ka ɗaure igiyar haɓa yadda yatsa ɗaya ko biyu ne kawai za su shiga. Hular da ba a ɗaure ba tana barin kai tun kafin a kai ƙasa. Ka leƙa cikinta ka danna: abin da ke aikin shi ne farin soson nan mai tauri, irin wanda ake tallafe sabuwar talabijin da shi a kwali, mai kauri. In roba ce kawai da ɗan yadi, ko hular masu aikin gini ce, ba ita ba ce. Taka ta manya kuma kada ka kifa masa, ta yi wa wuyansa nauyi kuma za ta fita. In hula ta taɓa dukan ƙasa da kai a ciki, ta gama aikinta ko ba ta fashe ba, don soson ciki ya riga ya matse.

'Yan mata suna sa ta a kan hijabi lafiya lau, sai dai a gaya wa mai kitso ta guji tara gashi ko duwatsu a tsakar ka. Za su yi ƙorafin zafi, musamman a watan Afrilu da rana ke haura digiri 40, za su kuma ce 'yan ajinsu suna yi musu dariya. Nawa sun daina ƙorafi ne da suka ga ni ma kullum da tawa.

A kan titi

Tun watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa a cikin birni, 'yan adaidaita sahu suka gaje titi. Maganar goyo a babur tana ƙarƙashin wannan doka, kuma hukuma takan tsaurara ta lokaci zuwa lokaci, don haka in an yi sanarwa a rediyo ka saurara ka bi. In kuma 'yan KAROTA, masu kula da zirga-zirgar ababen hawa a Kano, ko wani jami'i ya tsayar da kai, ka tsaya. Kada ka kuskura ka yi kwanar gaggawa ko ka bi hannun da ba naka ba don tserewa da yaro a bayanka. Tarar da za ka biya ba ta kai wannan ba.

Ɗan sahu duk inda aka ɗaga masa hannu nan yake yankowa dama ya tsaya, ba sigina. Kada ka bi gindinsa, kada ka wuce shi ta dama. Tirela da tifa kuwa, a nan Titin Katsina ko Titin Zariya ko baifas na Hotoro, in ba ka hango fuskar direba a madubinsa ba, shi ma bai san kana nan ba. Kada ka tsaya a gefensu a shataletale, don tayoyin baya suna yanko kwana fiye da na gaba. Ka bar su su wuce.

Gudu shi ne uwa uba. A kilomita 60 cikin awa, kowace daƙiƙa kana cin kusan mita 17, tun kafin ƙafarka ta kai birki. A kilomita 30, mita 8 ne da 'yan kai. Kuma in ka ninka gudu, nisan da birki ke buƙata ninkawa yake sau huɗu. Ni da yaro a baya ba na wuce 30 zuwa 40. Baburan da ake kawo mini da yawa mitarsu ta mutu, mai shi bai ma san gudun da yake ba, alhali yawanci 'yar wayar mita ce ta tsinke, canjinta ba ya ɗaukar minti goma. Asalin gudun safe kuwa makara ce, ana tsoron a rufe ƙofar makaranta. Sauri ya haifi nawa. Ka fita da minti goma kafin lokacin da ka saba. Haka gab da magariba a watan azumi, lokacin da kowa ke rige-rigen shan ruwa, in da hali kada ka fito da yaro.

Yashin da ke taruwa a gefen kwalta yana kwashe tayar gaba in ka damƙe birkin hannu a kansa. Ruwan farkon damina yana taso da man da ya zuba a titi, kwalta ta yi santsi kamar sabulu. In ruwa ya rufe hanya, ba ka san inda lambatu ya buɗe baki ba, ka fake ka jira. Da hunturu, ka kunna fitila ko da safe ne saboda hazo, ka sa wa yaro rigar sanyi da takunkumi, don hannun da ya ƙandare da sanyi ba ya riƙo.

Abin da iyaye suka fi mantawa shi ne barci. Yaron da ya tashi tun asuba, aka ɗauko shi ƙarfe biyu cikin rana, ga iska ga jijjigar inji, minti kaɗan ya isa ya fara gyangyaɗi. Alamarsa, za ka ji hularsa tana ƙwanƙwasar bayanka, ko riƙon ya yi sako-sako. Ni hira nake ja da su, ko na ce, "Auta, biya mini haddar jiya," ina ja tana ja har gida. Da na ji shiru sai na gangara gefe, na sayi ruwan leda na wanke mata fuska, ta ɗan taka ƙasa, sannan mu ci gaba. Wasu suna ɗaure yaro a jikinsu da zani. Ya fi a bar mai barci haka nan, in an cusa bakin zanin da kyau, amma ka sani in kuka faɗi tare za ku gungura, kana iya danne shi. Yaron da kullum sai an ɗaure shi, gwajin tsakar gida ne bai ci ba.

Wurin hawa da sauka akwai ɗan rikici da ya kamata a gane. Ta hagu ake hawa ana sauka, don salansa yana dama. Amma mu hannun dama muke bi a titi, ke nan in ka tsaya a bakin kwalta, hagunka shi ne ɓangaren motoci. Saboda haka kada ka sauke yaro a kan titi. Ka shiga harabar makarantar, ko bakin layi, ko ka hau can gefe sosai, ka kashe inji, ka dafe ƙasa da ƙafa biyu, sannan ka ce ya sauka. Kuma ka zagaya ka tsaya a ɓangaren da ƙofar makarantar take, ko da zai sa ka ƙara tafiya zuwa mahaɗa ta gaba. Ajiye yaro a tsallake a ce "ruga ka shiga" ya jawo kuka a gidaje.

Sai yayye. Lasin tuƙi a Najeriya daga shekara 18 yake farawa, amma kullum da yamma ina ganin ɗan shekara 13 da ƙannensa biyu a baya, an aike shi ya kai su Islamiyya. Iya tayar da babur daban, iya karanta titi daban. Babban ɗana ya iya kwance inji tun yana sakandare, amma bai ɗauki ƙaninsa a titi ba sai da ya cika shekarun, kuma sai da na yi wata guda ina zama a bayansa ina kallon yadda yake yi da 'yan sahu. In na faɗi haka wasu sukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, kuma ni ma ba na tayar da babur sai na yi addu'ar hawa, yaran suna amsawa. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi da mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali.

In abin ya faru

Ƙunar salansa: ruwa mai sanyi, na famfo ko na leda, a yi ta kwarara a wurin har minti 20. Ban da makilin, ban da ɗanyen ƙwai, ban da gishiri, ban da baƙin mai, wanda har a shagona na sha hana yara shafawa. Kada a fasa bororon. A rufe da ƙyalle mai tsabta, in ta kai faɗin tafin hannun yaron ko ta yi zurfi a tafi asibiti.

In ya faɗi ya bugu a ka, ko ya tashi yana wasa, a sa masa ido sosai kwana ɗaya zuwa biyu. Suma ko ta ɗan lokaci ce, amai, barcin da ba a iya tashinsa, jijjiga, ruɗewa, jini ko ruwa daga kunne ko hanci, kowanne daga ciki aka gani a nufi Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano ko mafi kusa, ba jira. In yana kwance yana kukan wuya ko baya, ko ya kasa motsa hannu ko ƙafa, kada jama'a su sure shi kamar buhu, kuma kada a fizge hular. A tallafe kai da wuya a miƙe, a ɗauke shi a kan abu mai faɗi. Lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, ka adana ta a wayarka. Jini kuma danne shi ake da ƙyalle mai tsabta, ba a zuba masa ƙasa ko fetur.

In ana zaton karaya, a tallafe wurin da kwali, a je a ɗauki hoto tukuna; Asibitin Ƙashi na Dala yana nan cikin gari. Ina girmama masu ɗori, amma ɗaurin da ya matse gaɓar yaro mai kumburi yana iya tsayar da jini, in yatsu suka yi sanyi ko suka canza launi a kwance nan take. Ciwon wayar taya kuwa, kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ka kamar yadda ta ruɗe ni. Naman ciki ya murƙushe fiye da abin da ido ke gani, wani lokaci har da tsagewar ƙashi. A kai shi asibiti a ranar, a ɗauki hoto, a tambayi allurar tetanus, a ɗaga ƙafar a kan matashi kada ya taka, kuma a riƙa duba launin fatar safe da yamma har mako guda.